Gurbin jami'a: Wa ke cin rabon ɗan manomin Auyo?

A watan Yunin 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta haramta wa jami'o'i la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai. Sai dai hukuncin bai taɓa wata tsohuwar al'ada ba, wato fifita 'ya'yan tsofaffin ɗalibai. Alƙaluman da suka fito a shari'ar Jami'ar Harvard sun nuna ana ɗaukar kusan kashi 33 cikin 100 na irin waɗannan 'ya'ya, alhali sauran masu nema ba su wuce kashi 6 ba. A 2024 jihar Kalifoniya ta yi dokar hana wannan fifiko a jami'o'i masu zaman kansu.

A Arewacin Najeriya ma ilimin boko da gata ya fara. Makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909 ta ba 'ya'yan sarakuna muhimmanci, domin Turawa na neman waɗanda za su riƙe musu mulki. Gidajen da suka riga kowa shiga aji su ne suka riga kowa shiga ofis, kuma jikokinsu na cin wannan gajiyar har yau.

A rubuce, tsarin jami'o'in tarayya bai san ɗan wane ba. Kashi 45 na gurabe na cancanta ne, kashi 35 na jihohin da ke kewaye da jami'a, kashi 20 kuma na jihohin da aka bari a baya a ilimi, waɗanda Jigawa na cikinsu. A 2017 hukumar JAMB, ƙarƙashin Farfesa Ishaq Oloyede, ta ɓullo da manhajar CAPS domin toshe ɗaukar ɗalibai ta bayan fage.

To amma tsarin jiha yake ƙirgawa, ba gida ba. Abin da ke tabbatar da jihar ɗalibi shi ne takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma, ita kuwa ta uba ake gado. Ɗan babban ma'aikaci da ya tashi a Abuja ko Kano, ya yi makarantar kuɗi, ya saba da kwamfuta tun yana ƙarami, yana iya karɓo takardar Auyo. Da ita zai nemi gurbi ɗaya da ɗan manomin shinkafa da ya yi karatu a makarantar gwamnati a bakin Kogin Haɗeja, inda ambaliya irin ta 2022 ke raba iyalai da gidaje, ta kuma katse karatun yara. Jarrabawar JAMB da kwamfuta ake rubuta ta. Ba sai an faɗi wanda zai fi maki ba.

Bambancin ya fi fitowa a fannonin da ake rububi, kamar likitanci da lauya. Kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011 da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa a 2013 ya kawo karatu kusa da mutanen Auyo, amma kusanci bai sauya ma'aunin da ake auna su da shi ba.

Masu kare tsarin na cewa ɗan ma'aikacin ma ɗan jiha ne, kuma ba laifinsa ba ne iyayensa sun yi karatu. Gaskiya ne. Sai dai an ware kason ne domin cike giɓin ilimi, shi kuwa ba ya cikin wannan giɓi.

Gyaran bai fi ƙarfin hukuma ba. JAMB na karɓar sakamakon WAEC da NECO na masu nema, saboda haka gano makarantar da ɗalibi ya gama ba abu ne mai wuya ba. Ana iya ware wani ɓangare na kason ga waɗanda suka gama sakandaren gwamnati a cikin jihar, jami'o'i kuma su riƙa wallafa yadda suka raba gurabe ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. Idan ba haka ba, za a ci gaba da karɓar gurbi da sunan Auyo, ɗan Auyo kuwa yana fadama.