Mota Mai Ido Ɗaya

Jama'a, ga hunturu ya kawo kai, ƙura ta fara saukowa daga arewa, ga shi kuma lokacin da motocin doya da na albasa da na shanu ba su kwana. Saboda haka muka ga ya kamata a wannan fitowa mu ajiye zancen kasuwa tukuna, mu taɓa maganar fitilar mota. Kada wani dattijo ya ce ai wannan ta direbobi ce. Mu ne masu motocin, mu ne masu kayan, 'ya'yanmu ne ke riƙe da sitiyari, kuma mu ne ke matsa musu su taso daga Bawku ko Tamale da yamma domin kaya su riski kasuwar Kumasi da asuba.

Kwanan baya muna komowa daga Techiman bayan isha'i, sai muka hango fitila ɗaya tilo tana tahowa. Direbanmu ya ɗauka babur ne, bai ko raɓe ba. Sai da ta zo dab da mu, ashe lori ce shaƙe da gawayi, idonta na hagu a mace, watau wanda ke wajen tsakiyar hanya. Allah ne ya kiyaye, muka tsira da taya biyu a cikin ciyawa. Da hankali ya komo, abin da ya fi ba mu takaici shi ne, ƙwan fitilar da mai lorin nan ya ƙi saye bai kai kuɗin buhu ɗaya na gawayin da ya ɗauko ba. Wannan hanya kuwa ba wurin wasa ba ce. Ba mu manta da watan Maris na 2019 ba, sa'ad da manyan bas biyu suka yi karo cikin dare kusa da Kintampo, mutum fiye da 50 suka rasu.

To, bari mu yi lissafi irin na kasuwa. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 kowace daƙiƙa. Kafin direba ya gane abin da ya gani, ya ɗaga ƙafa ya taka birki, ta ci wajen mita 30. Birkin kansa, a busasshiyar kwalta da tayoyi masu kyau, yana son wajen mita 35 kuma. Ƙaramar fitila, wadda direbobi ke ce wa dim, da ƙyar take nuna abin da ya wuce mita 50 ko 60. Kun ga ke nan bashi ya fi jari. In saniya ce a kwance, ko lori ta lalace an zuba mata ganye a hanya maimakon alama, ko keken kaya mai ƙafa uku da ba shi da jar fitila a baya, sa'ad da direba zai gan su aikin gama ya gama. Wannan fa lissafin mota marar kaya ne. Dokar ƙasa ta yarda da kilomita 90 a babbar hanya, amma ba ta ce dole a kai can ba, kuma mai tafiya da dim ba shi da idon da zai kai shi.

Babbar fitila an yi ta ne domin daji, inda ba kowa a gabanka. Da ka hango hasken wata mota, ko ka cim ma wata daga baya, sai ka sauke. Akwai wata mugunyar al'ada ta ramuwa: ya ƙi sauke tasa, kai ma ka watsa masa taka. Makafi biyu ke nan sun nufi juna a guje. Abin yi shi ne ka ƙyafta masa sau ɗaya, in ya ƙi, ka rage gudu, ka mai da idonka bakin hanya ta dama har ya wuce. Haka kuma cikin ƙurar hunturu ko ruwan sama mai ƙarfi, babbar fitila ba ta huda komi, komo maka take yi a ido kamar farin bango. Dim ce abokiyar tafiya a nan.

Amma wani direban ba laifinsa ba ne, ya sauke fitila, duk da haka ana ta zaginsa. Dalili na fari lodi ne, kuma nan maganar ta zo kanmu. In aka danƙara wa ƙaramar mota kaya a baya, gindinta ya zauna, hancinta ya ɗaga, sai dim ta koma tana duban sama, tana kashe idon mai zuwa, shi kuwa direban ba ya ganin ramin da ke gabansa. Motoci da yawa suna da ɗan maɓalli kusa da sitiyari, mai lamba 0 zuwa 3, na sunkuyar da fitila in an yi lodi. Mun tambayi direbobi da dama, wasu shekara da shekaru suna tuƙi ba su san amfaninsa ba.

Dalili na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. Dattawa sun tuna ran 4 ga Agusta 1974, ranar da Ghana ta bar tuƙi ta hagu ta koma dama. Fitilar mota ba daidai take watsa haske ba, an karkata ta ne wajen bakin hanya domin ta kauce wa idon mai zuwa. Motar da aka ƙera domin Japan ko Ingila, inda har yanzu ta hagu ake bi, fitilarta hagu take karkata. In an kawo ta nan an juya mata sitiyari amma an bar mata fitilunta na asali, to, duk hasken da ya kamata ya sauka a bakin hanya cikin idon jama'a yake sauka. Wanda zai sayi irin wannan mota ya tambaya ko an sake fitilun, kada ya tsaya ga fenti da kujeru.

Gwajin ba wuya. A sami fili shimfiɗaɗɗe da bango, a tsai da mota mita 10 daga bangon da dare, a auna tsawon fitila daga ƙasa, a yi alama a bango da gawayi. In an kunna dim, bakin hasken ya sauka ƙasa da alamar kamar faɗin tafin hannu, watau santimita 10 ko 12, kuma inda ya ɗan hau sama ya kasance ta dama. In ba haka ba, a kai wa mai gyaran waya a Magazin ta Suame, aikin minti kaɗan ne.

Game da ƙwai, ƙaramar mota batir mai bolt 12 gare ta, manyan loruri 24, kada a haɗa. In ƙwan asali mai wat 55 ne, kada a yarda yaro ya sa mai 100 wai don ya fi haske, gama waya za ta yi zafi ta narke. Kada a kama gilashin ƙwan da yatsa, maiƙon hannu yana sa ya ƙone da wuri. In ɗaya ya mutu a sake duka biyu, ɗan'uwansa ma ya kusa. Su kuwa fararen fitilun nan na LED da ake jerawa a goshin lori kamar gidan biki, a 2021 hukumar kiyaye haɗarin hanya da 'yan sanda sun bi hanyoyi suna cire su, kuma mu ba mu ga laifinsu ba.

Sauran aikin na yaron mota ne. Duk inda aka tsaya shan mai ko salla, a Buipe ko Kintampo, ya ɗauki tsumma da ruwa ya goge fitilun gaba da na baya da gilashin gaba ciki da waje. Murfin fitila na roba in rana ta dafa shi ya yi rawaya, a sa a wanke shi da man gogewa ko a sake. In fitila tana yin ja-ja, a duba wayar da aka ɗaure a jikin ƙarfen mota, sau da yawa tsatsa ce kawai. Takardar lafiyar mota da ake karɓowa daga DVLA shaidar ranar da aka duba ce, ba ta hana ƙwai mutuwa washegari.

Saura mu dattawa masu tuƙa kanmu zuwa ɗaurin aure da ta'aziyya. Idon ɗan shekara 60 yana bukatar haske fiye da na saurayi nesa ba kusa ba, kuma in an haske shi yakan daɗe bai washe ba. Wanda ya ga fitilun mutane sun fara yi masa kamar wata ya yi lema, wataƙila yana ce ta soma, ya je a duba masa ido, ana cire ta a asibiti. Kafin nan ya miƙa wa yaro mabuɗi in magariba ta yi, shi ya zauna gidan gaba da carbinsa.

A fitowa mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi maganar tsofaffin tayoyin da ake sayarwa a bakin tasha.