Sankarar mama: An ci gaba a waje, mu fa a 'Yankuzo?

Wataƙila kun ga labarin a Facebook. A 2023, wani bincike kan mata 80,000 a Sweden ya nuna ƙirƙirarriyar basira ta taimaka wa likitoci gano ƙarin masu sankarar mama da kashi 20 cikin ɗari. A 2022 kuma Amurka ta faɗaɗa amfani da maganin Enhertu ga matan da cutar ta bazu a jikinsu.

To, mu dawo gida. Mace a 'Yankuzo ta ji ƙullutu a mamanta. Sai ta fito Tsafe, ta wuce Gusau, ga fargabar 'yan bindiga a hanya. In ana buƙatar gashi da na'ura, sai Sakkwato ko Zariya. Kafin nan an gaya mata wai daji ba ya son allura, ta shafe watanni tana jiƙe-jiƙe.

Gaskiya Enhertu ya fi ƙarfin aljihun talaka. Abin da ke hannunmu shi ne zuwa da wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so a kammala gwaji cikin kwana 60 da zuwa asibiti.

Ku da ke karanta wannan, ku gaya wa Inna da Yaya: ƙullutu ba abin kunya ba ne. In ta ji shi, ku raka ta asibiti a makon nan.