Tsokaci: Jiya Abin Dariya, Yau Abin Kamu

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon bidiyo a Burumburum ko Tudun Wada zai tuna yadda jama'a ke riƙe ciki don dariya in marigayi Rabilu Musa ya karya murya yana rangwaɗa a "Ibro Ɗan Daudu". Ai ba baƙon abu ya nuno ba. 'Yan daudu sun daɗe a ƙasar Hausa: su ne masu tuwo da suyar kaji a tasha, su ne a wasan bori da bukukuwa. Malamai na tir da ɗabi'ar, matafiya na sayen abincin.

Sai Shari'a ta dawo Kano a 2000, aka kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. A 2024 hukumar, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta haramta nuna daudu a fim.

Masana zamantakewa kan ce sau tari ba halin ne sabo ba, ma'aunin jama'a ne ke sauyawa. To, an share shi daga kaset, sai ga shi a TikTok, cikin wayar yaran gida. Can kuwa wa ke tacewa in ba iyaye ba?