A Bar Yaro Ya Gano Dokar Da Kansa

Malam Edita, ina roƙon ɗan fili a cikin wannan mujalla tamu domin in yi magana da 'yan'uwana ɗalibai, musamman waɗanda za su koyar da lissafi a makarantun sakandare in sun bar nan. Maganata a kan wani yanki ne na aljabara, watau ƙananan lambobin nan da a ke ɗora wa lamba ko harafi a kafaɗa, kamar 2³ ko x², da kuma lissafi mai gaɓoɓi da yawa, irin su 2x² + 7x + 6. A nan ne yara da yawa su ke rabuwa da lissafi, rabuwar da babu komowa. Yaron da ya fito firamare yana taƙama da ƙidaya, bayan shekara biyu sai ka ji yana cewa kansa ba ya ɗaukar lissafi. Ni a ganina kan yaron lafiya lau ya ke. Hanyar da mu ke bi da shi ita ce ta ke bukatar gyara.

Ga yadda a kan yi. Malam ya shigo aji, ya rubuta dokoki biyar ko shida a kan allo. In ana yin sau, a tara lambobin kafaɗa. In ana rabawa, a ɗebe. In akwai sifiri a kafaɗa, amsa ɗaya ce. Yara su kwafe, su rera baki ɗaya har mai wucewa ya ce lalle ana karatu a ajin nan. Amma ran jarrabawa a ba su 2³ × 2⁴, sai wani ya rubuta 2¹², wani kuma 4⁷. Na farko ya tuna akwai sau a cikin zancen, sai ya yi wa uku da huɗu sau. Na biyu ya tuna da tarawa, amma ya haɗa har da biyun da ke gindi ya yi musu sau. Dukansu biyu sun yi hadda. Abin da ba su da shi shi ne dalili, kuma doka marar dalili ba ta daɗewa a kan yaro ba ta cuɗe da 'yar'uwarta ba.

Ra'ayina shi ne, kada malam ya rubuta ko doka ɗaya a kan allo sai yara sun gan ta da idonsu tukuna. Gani ya kori ji. Mene ne 2³? Biyu ce sau biyu sau biyu. Mene ne 2⁴? Biyu ce har guda huɗu, ana yi musu sau. To, a sa yaro ya warware su duka a jere, ya ƙirga biyu nawa ke nan. Zai ce bakwai. A ba shi 3² × 3⁵, ya warware, ya ƙirga. A ba shi a⁴ × a². Kafin ya yi guda biyar zai gaji da dogon rubutu, ya ce, "Malam, ai tarawa kawai a ke yi." Sa'an nan ne malam zai ɗauki alli ya rubuta dokar, gama yanzu ta yaron ce. Ko ya manta da ita bayan wata shida, ya san hanyar da zai koma ya samo ta.

Haka kuma zancen sifiri a kafaɗa, wanda ya ke ba yara wuya ƙwarai. Kowane yaro hankalinsa ya kan ba shi 2⁰ sifiri ne, kuma ba a kawar da wannan da tsawa. A rubuta musu tsani daga bisa zuwa ƙasa: 2⁴ = 16, 2³ = 8, 2² = 4, 2¹ = 2. A tambaye su me ke faruwa a kowace takawa. Za su ce ana rabawa biyu. To, in an raba 2 gida biyu fa? Ɗaya. Ke nan 2⁰ = 1. A ƙara takawa ɗaya, a sami 2⁻¹, watau rabi, sa'an nan 2⁻², watau rubu'i. Yaron da ya sauko wannan tsani da ƙafarsa ba zai rubuta maka 2⁻¹ = −2 ba. A sa su yi da 3, su yi da 10, domin su tabbata ba sa'a ce ta faɗa kan 2 kaɗai ba. Sai dai malam ya faɗa musu tsanin ba ya aiki in lambar gindi ita kanta sifiri ce, domin ba a raba abu da sifiri.

Ya kamata mu tuna alamun nan gajerta rubutu ne kawai, kuma masana sun daɗe kafin su kai gare su. Wajen shekarar 820 Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi ya rubuta littafinsa a Bagadaza, kuma daga kalmar al-jabr da ke cikin sunan littafin a ka sami sunan aljabara. Babu x a ciki, babu lambar kafaɗa. Da kalmomi ya yi bayanin kome, har abin da mu ke rubutawa x² shi ya kira shi mal, watau dukiya. Sai a 1637 ne René Descartes, mutumin Faransa, ya baza irin rubutun da mu ke yi yau, kamar a³ da a⁴, kuma shi ma sau da yawa aa ya kan rubuta maimakon a². A 1676 Isaac Newton na Ingila ya yi amfani da lambar kafaɗa mai alamar ɗebewa da mai gutsure a cikin wata wasiƙarsa. Tsakanin Bagadaza da wasiƙar nan an fi shekara ɗari takwas. Ashe kuwa ba adalci ba ne mu zuba wa ɗan shekara goma sha uku dukan wannan cikin minti arba'in, sa'an nan mu kira shi daƙiƙi.

Bari in juya kan lissafi mai gaɓoɓi da yawa. A nan ma yaro ya rigaya ya san abin tun firamare, sai dai ba a faɗa masa ba. A sa shi ya yi 23 sau 12. Zai sami 276. To, 23 ai goma biyu ce da uku, 12 kuwa goma ɗaya ce da biyu. A cire goma a sa x a gurbinta, sai su zama 2x + 3 da x + 2. A jera su ɗaya ƙarƙashin ɗaya, a yi musu sau daidai yadda a ka yi wa lambobin. Amsa ita ce 2x² + 7x + 6. A dubi lambobin: biyu, bakwai, shida. A mayar da goma gurbin x, a sami 200 da 70 da 6. Na gwada wannan da 'yan aji biyu sa'ad da mu ka fita koyon aikin koyarwa, sai wata yarinya ta ce, "Ashe lissafinmu ne na da, ya sake riga." Gaskiyarta. Bambancin kaɗai shi ne a aljabara ba a riƙe goma a kai ta gida na gaba, domin ba mu san ko x nawa ne ba. Saboda haka malam ya fara da misalan da babu riƙo a cikinsu, sa'an nan ya nuna masu riƙo ya bayyana dalili. Wannan hanya kuwa ba sabuwa ba ce. Tun a ƙarni na 12 wani masani mai suna as-Samaw'al ya jera gaɓoɓi gida gida, ya yi musu sau da rabawa kamar lambobi.

Wanda ya fahimci gidajen nan ba zai tara 3x da 2x² ya ce 5x³ ba, kamar yadda ba zai tara goma uku da ɗari biyu ya ce dubu biyar ba. A nan ina da gargaɗi ɗaya. Waɗansunmu su kan ce wa yara a akuya ce, k kuwa kaza, don haka ba a tara su. Misalin yana da daɗin ji, kuma ya kan yi aiki kwana biyu. Amma ran da a ka zo kan a², yaro mai wayo zai tambaya mene ne akuya sau akuya, malam kuwa ya rasa ta cewa. Harafi a aljabara lamba ce wadda ba a faɗi ko nawa ce ba. Mu tsaya a kan wannan tun ran farko.

Akwai wani kuskure kuma da ya fi kowanne taurin kai, watau yaro ya rubuta (a + b)² = a² + b². Maganinsa biyu ne. Na ɗaya, gwaji da lamba. A sa 3 da 4. Uku da huɗu bakwai, bakwai sau bakwai 49. Amma 9 da 16 su ne 25 kaɗai. Ina 24 ta tafi? Na biyu, zane. A zana gona mai kusurwa huɗu, kowane gefe taki bakwai, a yanka kowane gefe gida biyu, taki uku da taki huɗu. Gonar ta rabu huɗu ke nan: ɗaya mai 9, ɗaya mai 16, biyu kuma masu 12 kowace. Ga 24 ɗin nan da ta ɓace, ita ce 2ab. Ɗan manomi da ya ga an cuce shi yanki biyu na gona ba zai yarda a sake ba. Ana iya yin wannan zane a ƙasa da tsinke, ba sai an jira kayan aiki daga birni ba.

Na san abin da waɗansu za su ce. Za su ce manhaja tana da tsawo, aji ya cika maƙil, jarrabawar WAEC kuwa ba ta jiran kowa, ina lokacin da za a tsaya kowane yaro ya gano doka? Maganarsu tana da kama, ban kuma ce a bar hadda da yawan aiki ba. Bayan yaro ya gane, tilas ya yi ta maimaitawa har hannunsa ya saba, gama ba zai zauna a ɗakin jarrabawa yana warware x²⁰ ɗai ɗai ba. Abin da na ke cewa a fara da fahimta, hadda ta biyo baya. Darasi biyu ko uku ne za a ƙara a farko. Malamin da ya ƙi ba da su zai biya ninkinsu a gaba, domin lambobin kafaɗa za su sake tare shi a wurin rubuta manyan lambobi a gajarce, su tare shi a wurin logaridam, su tare shi a lissafin kimiyya. Kowane karo sai ya koma ya sake koyar da abin da ya ce ya gama. Sauri ya kan haifi nawa.

Sai kuma zancen harshe. Yawancin yaranmu Turanci shi ne harshensu na biyu ko na uku. In an ba su doka cikin dogon Turanci, kaya biyu a ka ɗora musu, na harshe da na lissafi. Amma in sun warware sun ƙirga, lambobin ne su ke magana. Kuma ban ga laifi ba malam ya ce wa yaro ya faɗi abin da ya gani da Hausa ko da harshen gidansu, sa'an nan a maido da shi Turancin da za a tambaye shi da shi. Yaron da ya iya faɗa wa ƙanensa dalilin da ya sa 2⁰ ya zama ɗaya, shi ne ya sani.

Don haka, 'yan'uwana, ina roƙonmu abu uku in mun kama aji. Kada mu rubuta doka sai yara sun warware misalai sun gan ta. Kowane sabon abu na aljabara mu ɗaura shi a jikin lissafin da su ka rigaya su ka iya. Sa'an nan mu koya musu gwada amsarsu da lamba kafin su kawo littafi, domin su riƙa kama kuskurensu da kansu tun jan alƙalaminmu bai kama ba. Iyakar ra'ayina ke nan. Wanda ya ke da wata hanya da ta fi wannan, daga cikin ɗalibai ko malamanmu, ina fata ya kawo ta a fitowa ta gaba mu ƙaru.