Nyanya Ba Wurin Cin Rani Ba Ce

Kullum Baba cewa yake baɗi za mu koma gida, alhali a Nyanya aka yanke mini cibiya. Garin nan ƙauyen Gwarawa ne tun kafin Murtala ya kafa Abuja a 1976. Leburorin ginin birnin suka cika shi, har ya haɗe da Mararaba ta jihar Nasarawa. Bom ɗin tashar mota na 14 ga Afrilu, 2014 bai tambayi kowa garinsu ba. To don me in an kira taron unguwa kan ruwa ko kwata sai mu ce mu baƙi ne? Mu girmama masu ƙasa, mu yanki katin zaɓe a nan. Allah Ya sa mu gane.