Dajin Falgore da Kogin Wudil

A ƙasar Indiya akwai wata dabba dangin damisa, amma ta fi ta girma, jikinta kuma ratsi-ratsi ne maimakon roɗi-roɗi. Taiga ake ce da ita, babu irinta a dazuzzukan Afirka. Da aka ga maharba sun kusa ƙarar da ita, sai gwamnatin ƙasar ta keɓe mata gandaye a 1973, ta zuba masu tsaro. A ƙidayar 2006 an sami 1,411, a ta 2022 kuwa an ƙiyasta 3,682. Yanzu baƙi daga ƙasashe masu nisa sukan biya kuɗi a zaga da su cikin mota, su ga namun daji da tsuntsaye, mutanen ƙauyukan kewaye kuma su sami abin sawa a bakin salati.

To, ƙasar Kano ma tana da nata gandun, wato Dajin Falgore, wanda a dā ake kira Gandun Kogin Kano. Yana kan hanyar Jos, ya taɓa ƙasashen Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. Tun zamanin En'e aka keɓe shi, a 1969 kuma aka mai da shi wurin kiyaye namun daji. An san shi da gwanki da gadu da gwaggon biri da kura, ga burtu da zabin daji.

Mai karatu a Wudil zai ce, ina ruwan biri da gada? Ruwansa kuwa shi ne ruwan da ke wucewa ta ƙarƙashin gadar garinsu. Kogin Kano ta cikin dajin nan yake ratsowa, ya zuba a madatsar Tiga da aka gama a 1974, ya haɗu da Challawa, sa'an nan ya iso Wudil. Itatuwan gandu su ke riƙe ƙasa. In aka sare su aka yi gawayi, ruwan sama sai ya kwashe ƙasar ya jibge ta a madatsa da cikin kogi. Masunta da masu noman rani su ne farkon waɗanda za su ji a jikinsu. Daga Wudil kuma ruwan nan ne yake gangarawa fadamun Haɗeja da Nguru, inda dubban tsuntsaye daga Turai suke sauka kowane lokacin sanyi.

Abin takaici, shekaru da dama sunan Falgore bai fita da komai ba sai labarin ɓarayin shanu da masu tare hanya, har a 2017 sojoji suka mai da wani sashensa filin horo. A ƙarshen 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince a sa shi cikin sababbin gandaye 10 na ƙasa. Madalla da wannan, amma takarda ba ta tsare daji. Abin da ya cece taiga shi ne ma'aikatan daji masu albashi a kan kari, da hanyoyi, da masauki, da ba makwabtan gandu rabonsu. Makiyayin da aka hana shi shiga ba a nuna masa burtali da mashaya ba, gobe da dare zai komo.

Ya kamata kuma shugabannin makarantu da malaman jami'ar kimiyya da ke Wudil su sa kai ziyara gandun cikin shirinsu, da izini da rakiyar hukuma. Kafin wannan ma, bakin kogi ya isa makaranta. Da sassafe ga zalɓe a tsaye cikin ruwa, ga balbela tana bin shanun da aka koro kasuwar Juma'a, ga shamuwa in damina ta gabato. Gauraka kuwa, da tsofaffi suka saba gani a fadama, ya yi wuyar gani ƙwarai, yawancin yaran yanzu a baki kawai suka san shi.