Waiwaye: Tsumma da Gejin Baƙin Mai

A shekarun 1980, lokacin da roka, wato Mercedes 911, ke cin kasuwarta a hanyar Kano zuwa Legas, tsumma ake fara miƙa wa yaron mota tun kafin ya yi mafarkin sitiyari. Ana idar da sallar asuba zai buɗe bonet, ya zaro gejin baƙin mai, ya goge, ya mayar har ƙarshe, ya sake zarowa, ya kai wa maigidansa. Direba ya duba inda man ya tsaya, ya murza shi tsakanin yatsu biyu, ya kai hanci. In ya yi shiru, sai a ɗaure tamfol a kama hanya.

Motocin wancan zamani, da na ANAMMCO a Inugu, da Fiat ɗin da ake haɗawa a Kano, da Steyr ta Bauchi, ba abin da ke gaya wa direba yawan man da ya rage sai wannan siririn ƙarfe. Agogon da ke gabansa ƙarfin bugun mai kawai yake nunawa. Kafin allurarsa ta faɗi ko jar wuta ta kama, sau da yawa aikin gama ya gama, metal ya sha wuta, karanshaf sai an kai shi wurin masu gyara.

Abin da ya fi burge ni game da tsofaffin direbobin nan shi ne lissafin da suke riƙe da shi a ka. Kowane injin gas yana ɗan shan mai, domin ringi na barin kaɗan a bangon silinda ya ƙone tare da gas. Saboda haka ba sa tsayawa kan ko mota na sha. Suna so su san nawa take sha a tafiya guda, da wane nauyin kaya. Direba zai ce maka, "Wannan zuwa da dawowa rabin galan take ci." Ranar da ta ci galan guda a kan hanyar da ta saba, ya san akwai magana, ko da injin na kuka daidai.

Daga nan sai bincike. A leƙa ƙasa inda motar ta kwana, a Tafa ne ko Maraban Jos, a ga ko ta yi ɗigo. In ƙasa a bushe take, a koma salansa: hayaƙi mai shuɗi-shuɗi na nufin man na ƙonewa a ciki, ko ringi ya gaji, ko turbo ta fara yoyo a motar da ke da ita. Ƙurar hunturu kuwa, in ta sami filtar iska a yage, ita ce ke cinye ringi ba tare da kowa ya ji motsinta ba. Yoyon turbo kuma ba abin wasa ba ne, domin injin gas na iya kama man nan ya mai da shi abincinsa, ya yi ta ƙara gudu ko an kashe makulli, har sai an toshe masa iska ko ya tarwatse.

Amma wanda ya fi rikita sabon hannu shi ne man da ke ƙaruwa. Sai ka ji yaro na yabon mota, wai wata guda ba ta nemi ciko ba. To, a bincika. Nozul da ke yoyo na zubar da gas ya gangara cikin baƙin mai, ya cike gurbin wanda ya ƙone, geji ya nuna cike, alhali abin da ke ciki ya tsinke, ba ya iya riƙe ƙarfe da ƙarfe. Nan ne amfanin yatsu da hanci. In kuma ruwan lagireto ne ya shiga ta gasket, man kan koma kalar shayi mai madara. Haka cikawa fiye da layin sama, da wasu ke yi da sunan kariya: karanshaf zai riƙa dukan man ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta shafe komai.

Yau DAF da MAN da Howo suka cika hanya, injin guda na ɗaukar baƙin mai da yawa, galibi nau'in 15W-40. Wasu ma suna nuna yawan mai a allon gaban direba. Sai dai da yawa 'yan Beljiyom ne da suka gama aiki a Turai, na'urar da ke aunawa ta daɗe da mutuwa, kuma yaron motar yanzu ya fi yarda da allo a kan tsumma. Ga kuma sabuwar rigima: mai mota na gida, direba na hanya, kowane kuɗin ciko ya zama abin zargi.

A ganina, lissafin da tsofaffi suka riƙe a ka ya kamata ya koma takarda. Ƙaramin littafi a aljihun mota ya isa: kwanan wata, lambar kilomita, lita nawa aka ƙara, wane iri, an saya a rufe ko na jarkar bakin titi ne. A auna a daidaitacciyar ƙasa, da safe kafin a tayar, ko bayan an kashe inji an ba man 'yan mintuna ya sauka. Wata uku da wannan littafi, bakanike zai iya faɗin ko lokacin buɗe inji ya yi, mai mota kuma ya san ko injin ne ke sha ko aljihun direba.